Kawu Audu da Ƙashin Ba-ruwanka

Duk wanda ya zauna Zango a Ankara zamanin da huhunan goro ke jiran jirgin Ikko a bakin teku, ya san Kawu Audu a wurin mahauta da hantsi. Kowa nama ke kai shi, shi kuwa ƙashi. Sai ya ɗauka ya ƙwanƙwasa a gefen kunne kamar mai sayen tukunya, ya sansana, ya ɗan gwada da haƙori, sannan ya ajiye ya ce, "Wannan na karen wani ne." Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon sojan Turawa, kuma a gidansa na zauna har na yi aure, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Karen da ake wa wannan hidima sunansa Ba-ruwanka. Yana ɗan kwikwiyo, haƙora na yi masa ƙaiƙayi, ya lallaɓa ƙofar masallaci ana la'asar, ya ɗauki takalmin Liman, jar fata aikin Kano, ya yi masa kaca-kaca. Liman ya fito yana ɗingishi da takalmi ƙafa ɗaya.

"Audu, wannan karen naka ne? Yaya sunansa?"

"Ba-ruwanka, Allah gafarta Malam."

"Na'am?"

"Sunan ke nan." Maimakon ya tsaya nan, sai ya ƙara da cewa, "Amma a duba, ga takalma birjik, naka kaɗai ya zaɓa. Karen ya san fata."

Dattawa suka zauna. Hukunci ya fito: karen gadi ya halatta, amma ranar da ya sake taɓa takalmin wani, ya bar Zango. To Kawu ba ɗa ba jika, matarsa ta riga shi gidan gaskiya, ba wanda ke tarbarsa da murna idan ya dawo sai karen nan. Ya yi tunani irin na soja, ya ce bakin da ke da aikin yi ba ya shiga takalmin mutane. Daga ranar ya shiga neman abin da kare zai yini yana gwaigwaya, abin bai ƙare ba, karen bai cutu ba.

Kai, ilimi ya samu a fagen nan wanda da fiƙihu ne da an naɗa shi alƙali! Dafaffen ƙashi haramun ne a mazhabarsa, don yana tsagewa kamar allura ya soki hanji. Na kaza makamin maƙiyi. Ƙarami kuwa haɗiye shi za a yi. Sarkin fawa ya taɓa miƙa masa ƙashin ƙwaurin sa, yana zolaya, "Soja, ga wanda zai kai ku sallar layya."

"Ƙashin da ya ɗauko sa tun daga Salaga, shi ne zai ji tsoron haƙorin kare? Kai wa karenka!"

"Ni ba ni da kare."

"Shi ya sa ka iya ba da shawara."

Abin da ya yarda da shi ɗanyen kan gwiwa ne mai guringuntsi, wanda ya fi bakin karen girma, sai jijiya da ganda da yake shanyawa da kansa ba gishiri. Da ƙashi ya lashe ya ƙanƙance, ko ya fara wari, sai ya ƙwace ya binne da nisa.

Maƙwabciyarmu Dede mai kifi, Ba'ankariya, mace mai kirki, Hausarta irin ta bakin teku ce, ba ƙa sai ka. Wata rana ta shigo da ƙunshi a ganye.

"Baba Soja, na kawo ma kare kashi."

"Me kika kawo?"

"Kashi. Na akuya. Mai kyau!"

"Ƙashi, Dede! Ƙa! Daga maƙogwaro!"

"Ka. Kashi. Ni na dafa shi da hannuna."

"La'ilaha illallahu, har da dafawa!" Ya buɗe ganyen ya duba, ya mayar mata cikin ladabi. "Na gode, 'yar uwa. Amma da wanda kika faɗa da wanda kika kawo, ba wanda karena zai ci."

Sai ranar ƙaho. Wani bafatake ya rantse masa a arewa ƙahon rago ake ba karnuka, ya fi komai daɗewa. Kawu bai yarda da rantsuwar fatake ba, ya kai baki ya gatsa. Ƙaras! Muka ga ya tofo turmin haƙori a tafin hannu. Na ce, "Kawu, sannu!" Ya dubi haƙorin, ya dubi Ba-ruwanka, ya ce, "Alhamdu lillahi. Da nasa ne fa?" Ku da kuka san shi a ƙarshe kun san da kunu ya rayu, karen kuwa haƙora reras kamar jerin wuri.

Shekaru suka wuce, ba takalmin da ya yi ko ƙwarzane. In Kawu zai wuce masallaci da karen a bayansa, ƙirji yake turowa kamar ranar fareti.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya kira ni. Na matso ina zaton wasiyya ce.

"Ɗana, ranar jana'izata takalma za su yi yawa a ƙofar nan. Ka je wurin sarkin fawa. Kan gwiwa. Ɗanye. Kada ya ba ka ƙwauri."

Ba sai da na je ba. Da labarin rasuwa ya kai kasuwa, sarkin fawa da kansa ya kawo ɗanyen kan gwiwa, ya ajiye wa karen. Zango kaf ta zo, har Ankarawa da Yarabawa, takalma tun daga zaure har bakin hanya. Ba-ruwanka ya kwanta a tsakiyarsu, ƙashi tsakanin ƙafafunsa. Bai lasa ba, takalman ma bai dube su ba. Ƙofar ɗakin Kawu kawai yake kallo.

Da aka dawo daga maƙabarta wani ya tambayi Liman yadda za a yi da karen, tun da mai shi ya tafi. Liman ya tsufa a lokacin, ya dubi karen, sannan ya ce, "A bar shi. Ɗan Zango ne."

Allah ya jiƙan Kawu Audu, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tausaya wa bakin da ba ya iya godiya, ya Rabbi ka tausaya masa. Amin.