Tsibirin da Babu Ƙasa

Gari bai gama wayewa ba muka fito daga unguwarmu, Taman Melati, ni da Baba da Kawu. Kawu mahaƙin zinariya ne daga Zamfara, ya zo ganinmu annoba ta tsare shi. Wani dillali ne ya yi alkawarin kai shi inda ake wanke zinariya a hayin teku, har Kawu ya cusa kaskonsa na wanke zinariya a jaka. Ni an tafi da ni ne don na fi su jin Malayanci, yaren ƙasar.

A tashar jiragen ruwa ta Klang muka tarar da dillalin, takunkumi biyu a fuska. Kamar ko'ina, saboda annobar, kowa sai ya haska wayarsa a lambar bakin ƙofa don a san ya shiga. Shi ma ya ɗaga tasa. Ina bayansa, na ga fuskar wayar baƙi ƙirin. Na ce ƙila caji ne ya ƙare.

Jirgin rufaffe ne, ga sanyi kamar firji. Kawu bai taɓa hawa teku ba. Ya ƙanƙame kujera ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Tsibirin kuwa gidaje ne a kan turaku, ƙarƙashinsu laka da ƙaguwa, ga ƙarnin busasshen kifi, babu mota sai kekuna. Al'adar Kawu ce duk inda ya sauka ya ɗebi ƙasa ya murza. Ya duƙa, katako. Ya matsa gaba, siminti. Ya juyo ya dubi Baba.

"Malam, wai garin nan ba su da ƙasa ne?"

Dillalin ya ce ai zinariyar tana gaba, a ƙaramin kwalekwale, Kawu shi kaɗai, kuma ya kawo fasfo a riƙe masa. A ƙofar wani mai shayi da muka shiga ya sake haska matacciyar wayarsa. Bai kai ta aljihu ba ta yi ƙara.

Na ja rigar Baba na raɗa masa cewa wayar ba a mace take ba, haskawar ce ta ƙarya. Kawu ya ji.

"Uwata, gaya masa ya haska mu gani, sai in ba shi fasfon."

Na faɗa wa dillalin. "Boleh, boleh," in ji shi, wato ba matsala, bari ya kira mai kwalekwale tukuna. Shayinsa ya huce bai dawo ba.

La'asar a gida muka yi ta. Na koyi cewa wanda ba ya son barin sawu a bakin ƙofa, ba a binsa cikin ruwa. Kaskon Kawu kuwa, yanzu Mama ke regayar shinkafa da shi.