Faifan da Cleveland Ya Hana

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Bronx ya san Cleveland Pettiford, direban bas ɗin nan da ba ya jiran kowa ko da gudu kake. Amma tun kafin tuƙi, lokacin da sumarsa ta fi kansa girma, shi ke jan wuta daga turken fitilar titi, ya kafa lasifikoki a filin wasa, yana juya faifai har ƙafafu su gaji.

A zamanin, mai juya faifai ba ya bari a san abin da yake sawa. Da ka sayo faifai sai ka jiƙa shi a bahon wanka, ka kankare takardar sunan, kada abokan hamayya su leƙo su sayo irinsa. Cleveland kuwa ya fi kowa rowa. Mahaifiyarsa ta yi faɗa har ta gaji, wai ba ta taɓa ganin mai yi wa faifai wanka shi yana yawo da dauɗa ba.

Bana sai ga Marisol, ma'aikaciyar gidan tarihin da ke tara kayan kiɗan hip-hop, yarinya mai ladabi, ta zo neman faya-fayansa. Ta gaya masa gaskiya: abin da ya shiga bayan gilashi, allurar garmaho ba ta ƙara hawansa. Bai damu ba. Ya ga yadda 'ya'yan wani abokinsa suka zubar da faya-fayan ubansu a bakin titi bayan jana'iza, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce ta kwashe duka.

Sai hannunta ya kai kan wani mai ɗigon jan farce a tsakiya. Shi ta fi so, don shi ne a hannunsa a tsohon hoton da za su rataya. Cleveland ya ce wannan kam a'a.

Matarsa Vernetta ce ta ɗiga jan farcen, ranar da ta fara taka rawa a gabansa. Yanzu mantuwa ta cinye ta. Tana zaune bakin taga, takan tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Sun gwada naɗar kiɗan faifan a waya su sa mata, ko gezau, sai faifan kansa take ji. Ya so ya nemo wani faifan irinsa, amma ina! Sunan da ya ɓoye wa duniya ya ɓace masa shi ma, kuma faifan ya sha allura har manhajar gano waƙa ta waya ma ta kasa gane shi. Wannan ne abin da ke ba shi tsoro, domin kowane juyi ƙara cinye shi yake yi.

Bai yi dogon bayani ba, ya ɗora allura. Aka ji ƙaraf-ƙaraf, sai ganguna suka shigo. Vernetta ta bi hannunsa da ido, kafaɗarta ta motsa.

“Cleve, ka cika jan rai,” in ji ta. “Maimaita wurin nan mana.”

Ya mayar da allurar baya. Marisol ta cire safar hannun da take ɗaukar faifai da ita ta zauna.

Da ya raka ta ƙofa, ta ce za su bar masa gurbi a cikin gilashin.

“Bar shi, 'yata,” ya ce. “Ranar da na sa shi ba ta kira sunana ba, ni da kaina zan kawo miki.”