Makiyayar Orval Stucky

A gundumarsu ta yammacin jihar Kansas a Amurka, kowa ya san Orval Stucky da abu ɗaya: makiyayar nan ta eka ɗari shida da ya gada, wadda garma ba ta taɓa shiga ba. Ƙasar rairayi ce, saiwar ciyawa ce kawai ke riƙe da ita. Shanu yake kiwo a kai, shi da matarsa Luella, suna samun na rufin asiri.

Shekarun da alkama ta yi tsada, maƙwabcinsa Merle Haskett ya kafce gonarsa kaf, har gangaren da ko akuya ba ta son hawa.

"Orval, kana zaune a kan kuɗi kana gadin ciyawa!" in ji Merle, yana dariya daga kan tarakta.

Orval ya ci gaba da kiwonsa. Amma duk bazara shi ke kwashe ƙasar Merle da iska ta jibge masa a jikin shinge, da shebur, yana tari.

A 1986 gwamnati ta fara biyan manoma su bar noma ƙasar da ke zaizayewa, su shuka ciyawa. Dala arba'in da biyar kowace eka, duk shekara, har shekara goma. Orval ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi ofishin aikin gona. Ma'aikaciyar da ya tarar, Darlene, a gabansa ta girma.

Ta daɗe tana juya takardu. "Kawu Orval, wallahi taka ba ta shiga. Sai wadda aka noma a shekarun baya."

"To ai ni ban ɓata tawa ba."

"Shi ya sa."

"Wato sai na lalata ta sannan a biya ni in gyara?"

Ta tattara takardun.

Merle kuwa eka dubu ya shigar. Ya sallami ma'aikatansa, ya sayi gida a jihar Arizona mai ɗumi, can yake fakewa sanyin hunturu.

Farashin shanu ya faɗi shekara biyu a jere. A shagon shan kofi ana ta cewa nan gaba za a karɓi sababbin gonakin da aka noma a shirin gwamnatin. Luella ta roƙe shi kada ya taɓa ciyawar, amma wata safiya Orval ya ari garma ya shiga makiyayar. Kwana tara yana kafta, kwana tara bai iya cin abincin kirki ba.

Ya shuka alkama, ruwa ya ƙi. Shekara ta biyu ma haka. Shanun ya riga ya sayar, ba inda za su yi kiwo. A ta uku ya sa gonar a kasuwa, mai saye ɗaya ya fito, Merle.

Bayan shekara guda aka buɗe sabon zagayen shirin, gonar ta shiga, tunda yanzu nomammiya ce.

Sun koma wani ɗan gidan haya a gari, Orval yana gadin sikelin auna motoci a ma'ajiyar hatsi. Nan Merle ya same shi wata rana, ya dafa kafaɗarsa.

"Tsoho, ka je ka ga yadda na rayar maka da wurin nan. Har lambar yabo za su ba ni."

Orval ya cire hannun daga kafaɗarsa a hankali. "Matsa, akwai mota a bayanka."

Shekara bakwai ya ƙara a duniya. In zai je ganin 'yarsa, gara ya yi zagayen mil goma sha biyu da ya bi ta hanyar gonar.