Faya-fayen da Suka Raba Ni da Aikina

Ko zan manta da komai na zamana a Makka, ranar da na ajiye aiki saboda faya-fayen wasa guda uku tana nan daram a raina.

Muna yara a unguwar Misfala mahaifinmu ya sayo mana wata na'urar wasa a kasuwar gwanjo, irin ta farko-farkon nan mai cin faifai maimakon kaset. Masu na'urar sun karɓi izinin sa wani shahararren jarumin wasa na wani kamfani a wasanninsu, sai suka yi masa wulaƙanci. Fuskarsa na lanƙwashewa kamar an matse tsumma, sarkin da ya aike shi yana magana baki gabas ido yamma, in ka danna tsalle kuwa sai ya faɗa rami tukuna ya tuna. Ko wata ba mu yi ba muka jefa ta saman kabad.

Shekaru suka ja, na girma, ina tsaron shagon turare na wani dattijo a Aziziyya. Rannan na gani a waya wai masu tara tsofaffin kaya suna neman wasannin nan ido rufe, muninsu ma shi ne abin so. Da na tallata namu, wani mutumin Jidda ya ce in dai faya-fayen lafiyarsu ƙalau, zai zo ranar Asabar. Abin da ya ce zai bayar ya juya mini kai. Ban leƙa saman kabad ba, na fara zaɓen launin mota.

Washegari dattijon ya ce in goge kwalabe, ga shi saura mako biyu alhazai su cika gari. Na dangwarar masa da makulli.

"Khalas, shi ke nan, ya mu'allim, ka nemi wani bawan. Ni na wuce wannan."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Allah ya sa alheri, ya waladi." Ko ɗaga murya bai yi ba.

Na isa gida na sauko da na'urar, na buɗe kwalayen faya-fayen nan uku, wayam.

"Ummi, ina faya-fayen?"

Tana tsintar shinkafa ta nuna mini taga da haɓa. Tantabarun garin nan ba mai taɓa su, su kuma sun addabi shanyarta. Shi ne ta gasa ƙusa ta huda faya-fayen, ta rataye su da zare don ƙyallinsu ya kore su. Shekara uku suna shan rana, duk sun sale. Wata tantabara ma tana zaune daidai samansu hankali kwance, ta yi wa jarumin ado a goshi.

"Ummi, kin san abin da kika lalata kuwa?"

"Na dai san shekara ashirin suna kwance ba su tsinana wa kowa komai ba. Kai ma da haka ka zauna, da tuni na rataye ka."

Mutumin Jidda ya ga hoton, ya turo fuskar dariya, bai sake amsa ni ba. Na koma shago kai a sunkuye, na tarar da wani a kan kujerata. Dattijon ya ba ni shayi, ya tambayi lafiyar Ummi, bai yi zancen aiki ba, ni ma kunya ta hana ni. Hajjin shekarar a dakon jakunkunan alhazai na yi shi, rana na dukan ƙeyata.

Zafin ranar ya wuce, amma har yau ina jin ciwon maganar da na yaɓa wa mutumin da ya riƙe ni shekara bakwai. Tun daga nan, abin da hannuna bai taɓa ba bakina ba ya yin fahariya da shi.