Mas Prasojo da Koriyar Riga

Bangon da ya raba ɗakina da nasu bulo ɗaya ne, shi ma mai gidan hayar ya yi masa rowar siminti, don haka kada a ce laɓe na yi. Ina suya da hantsi muryar Kinanti ta ratso.

"Riga ce fa, Mas. Rigar yarinyar da duk tsawonta bai kai farcena ba. Ka mayar da ita koriya mu huta."

Mijin nata, Prasojo, wanda take ce wa Mas yadda ake girmama namiji a nan, ya amsa da muryar nan tasa ta mai karantar da jahilai. Ya ce launi goma sha shida ya yanka wa gem ɗin wayar da yake zanawa, kowanne da aikinsa, kore kuwa na ganyen kwakwa ne. Ta ce ganyen kwakwa ba zai kai su kotu ba don an ari launinsa. Ya ce ba ta fahimci salo ba. Ta ce salon da ta fahimta shi ne na zama a gidan haya ana cin taliyar leda safe da rana, in akwai wani ya koya mata. Daga nan na ji an kife murfin tukunya da ƙarfi.

A Bantul aka haifi Prasojo, kudu da garin nan namu na Yogyakarta, inda in iska ta juyo ana jin ƙanshin teku. Mahaifinsa huda fatar ɓauna yake yi yana fitar da 'yan tsanan wasan inuwa, kuma ya so ɗan ya gaje shi. Ɗan ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana huda ƙananan ramuka ba. Ya tafi Jakarta, ya shiga wani kamfani da ke yi wa Turawa zanen gem irin wanda ake so ya yi kama da hoton gaske, ya yi shekara da shekaru yana zana gumi a wuyan sojoji da tsatsa a jikin ganga. Gem ya fita duniya, sunayen waɗanda suka yi shi suka yi ta wucewa a ƙarshe har da na mai kawo musu abinci, nasa bai fito ba. Ya dawo gida da tabarau, da ciwon baya, da ra'ayoyi, ya zauna yana jera ƙananan ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Mahaifin bai rayu ya ga wannan ba, an cuce shi, da ya sha dariya.

Da la'asar a teburin mai shayin bakin layinmu yake buɗe makarantarsa. Zai warware ƙullin shinkafa daga ganyen ayaba, ya fara rabon hukunci. Masu zanen kama-da-gaske, in ji shi, masu ɗaukar hoto ne da ba su da kyamara. Masu yin yara da idanu kamar faranti, 'yan talla ne. Masu yin mutane da kusurwa-kusurwa kamar an sassaƙa su da gatari, malalata ne da suka sami suna mai daɗi. Zanen ɗigo kaɗai ne gaskiya, domin ɗigo biyu ne ido, in ka kuskure ɗaya mutum ya koma akuya. Kuma launi goma sha shida, kamar na injinan gem na da. Duk wanda ya ƙara na sha bakwai ya ci amana. Masu babur da ke zaune a wurin sukan gyaɗa kai su ce haka ne, Mas, su ci gaba da harbe-harbe a wayoyinsu cikin gem ɗin da ya gama zagi.

Darasinsa na biyu camfi ne. Kowa a nan ya san ba a zuwa bakin tekun kudu da koren tufafi, launin Sarauniyar Teku ne, wanda ya sa shi ya kira wa kansa ajali. Prasojo ya ce igiyar ruwa ce ke jan mutane, kuma igiyar ruwa ba ta da ido. Yakan faɗi haka ko ba a tambaye shi ba. Na lura yana faɗinsa fiye da yadda mai natsuwa da magana ke bukata.

Gem ɗin nasu labarin wata mai tallar jiƙon gargajiya ne, da kwandon kwalabe goye a baya, tana gudu a bakin tekun kudu tana tsallake kaguwa da 'yan daba. Shi ke zane, Kinanti ke rubuta lissafin da ke sa komai ya motsa. In faɗi gaskiya, ko da yake ba na son yabonsa, raƙuman ruwan da ya zana abin kallo ne. Da shuɗi uku da fari ɗaya ya sa teku ya yi numfashi. Saboda su wani kamfani a Singapore ya ce zai fitar da gem ɗin kasuwa, da sharaɗi guda. Sun gwada a waya, sun ga yarinyar da rigarta ruwan ƙasa tana ɓacewa a kan baƙin yashin kudu, mai wasa ba ya ganin kansa. A canja launin rigar. Ja na abokan gaba ne, rawaya na abin da ake tsinta, shuɗi na teku. Cikin sha shidan da ya rantse a kansu, kore kaɗai ya rage.

Da ya ƙara launi ɗaya, shunayya ko ruwan hoda, da an wuce wurin. Amma da wane ido zai kalli masu babur? Ita kuwa Kinanti akwai aikin da ke jiranta a Jakarta, ta daɗe tana ce musu su ƙara mata lokaci. Ta gaya masa a fili, ni ma na ji ta bango: in gem ɗin nan ya faɗi, jirgin ƙasa za ta hau.

Ta shigo wurina aron barkono, ta zauna ba ta tashi ba. A ganinta girman kai ne kawai, mutumin da aka hana suna a Jakarta yanzu yana so a san ko ɗigo ba a taɓa masa. Na ce mata ni tsoro nake zato, jinin Bantul ne, ko ya sa tabarau goma. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce Prasojo ko inuwarsa bai yarda da ita ba sai ya auna.

Ban gaya mata sauran abin da nake zato ba. Lokacin da yake zana gudun yarinyar, na sha ganinsa a tsakar gida ya ɗaura wa Kinanti kwandon wanki a baya da zane, yana sa ta kai da komo, shi yana tsugune yana kallon ƙafafunta. Kinanti tana da wata 'yar karkata a kafaɗar hagu in tana sauri. Yarinyar cikin gem ma tana da ita, ɗigo ɗaya ne ke sauka ƙasa a kowane taku. Mai rubuta lissafi ba ta taɓa lura ba, ita lambobi take gani. Wanda kuwa ya yi zanen, mutuwa ta fi masa sauƙi da ya buɗe baki ya ce, ba zan sa wa matata kore in tsayar da ita a bakin ruwan nan ba, ko da a waya ne.

Canja launi a wurin Kinanti aikin layi ɗaya ne. Ranar da ya tafi Bantul gaida mahaifiyarsa ta canja, ta aika. Mutanen Singapore suka yi murna, suka ce a turo kammalallen aiki.

Da ya dawo ya gani, na kasa kunne ina jiran tashin duniya. Ban ji komai ba sai ƙarar kujera. Ya ce mata ya gode, ta kyauta, shi zai ƙarasa gyaran da ya rage ya aika da kansa. A garin nan in namiji ya yi godiya da irin wannan ladabin, mai hankali yakan ɓoye wuƙaƙe. Kinanti 'yar Surabaya ce, can in an ji haushi faɗa ake yi, sai ta ɗauka ta yi nasara, har ta sayo musu gasasshen kaza.

Bai taɓa rigar ba. Tekun ya goge. Duk raƙuman ruwan nan da ya ci kusan shekara yana jerawa ya share su, ya zana doguwar katangar kasuwa mai ruwan toka a madadinsu. Yarinya cikin koriyar riga tana gudu a gindin bango, lafiya lau, ba abin da zai same ta. Ya aika haka. Amsar kamfanin ba ta daɗe ba: teku suka saya, bango kuwa suna da shi a ofis.

A teburin mai shayi ya bayyana cewa ruwan toka ya fi fito da kore, duk mai ilimin launi ya san haka. Masu babur suka ce haka ne, Mas.

Kinanti ba ta yi faɗa ba wannan karon, abin da ya fi damuna ke nan, don bangon ɗakina ya zama ba shi da amfani. Da safiyar tafiyarta na fito da tsintsiya ina share inda na riga na share. Mai babur yana jira, ta ɗora jaka a cinya. Prasojo ya tsaya a bakin ƙofa da zanen barci, riƙe da kofin shayi da ya huce. Ta dube shi ta ce tambaya ɗaya za ta yi, kuma ba ta son jin kalmar salo a amsar: me ya sa?

Ya cire tabarau ya goge da gefen zanensa, ya mayar, ya dubi tayar babur ɗin kamar shi aka ba aikin duba iskarta. Mai babur ya tada inji.

"Jakarta tekun arewa ne, Dik," ya ce, yadda miji ke kiran matarsa a nan. "Can kina iya sa duk launin da kika ga dama."