Kamiyon Baba da Tsohon Kart

Baba ya ƙare ƙarfinsa a kujerar kamiyo, yana jigilar wake da albasa tsakanin Tasawa, Maradi da Damagaram, har yanar ido ta fara rufe masa gani. Da ya ajiye tuƙi sai ya ajiye komai. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ba kasuwa, ba hira, ba ko faɗa. Mutumin da ba ya wuni bai yi wa wani tsawa ba, in ya yi shiru ai abin tsoro ne, kuma na ji tsoron.

Ina da ɗan shago a bakin tasha inda nake buga wa mutane takardu a ordinatar, kwamfuta ke nan. A cikinta akwai kart garafik, wato allon nan mai ƴar fanka da ke zana hoton wasanni. Na hannu na saye shi tun ina saurayi mai haukan wasan ƙwallo. Wata rana na sa wasan tuƙin manyan motoci, na haɗa volan, wato sitiyari, na roba, na je na taso Baba da ƙyar da jiɓin goshi.

"Wanga abin wasan yara za ka ba ni?" in ji shi. Amma da ya ji ƙarar inji sai ya ɗaga mini hannu. "Yi shiru. Injin ga lahiya lau yake."

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya sa riga mai kyau ya zo aiki. Hanya yake gani dishi-dishi, amma hannu bai manta ba. Faɗa ma ya dawo, direbobin cikin wasa suka sha zagi. Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba.

Ƙanena da ke karatu a Yamai ya sha yi mini tsiya a waya. "Yaya, kart ai kamar taya yake, in ya ci ƴan shekaru sai a canza. Naka ya girmi wasu ɗaliban koleji." Nakan ce masa da tsohuwar zuma ake magani, ya riƙe iliminsa. Gaskiyar magana, na yi niyyar canzawa, ina ta cewa sai bayan kaka.

Sai ga shekarar da soja suka karɓi mulki. Iyaka ta rufe, wuta ta zama baƙuwa, kayan da muke samu daga Kano suka yanke. Na koma kan pano mai aiki da hasken rana da batir. A lokacin ne kart ɗin ya fara nuna tsufa: hoto ya tsaya cak kamar jakin da ya ga rijiya, fanka ta kama kuka. Na san in ya mutu ba ni da inda zan samo wani, kuma na san tabarmar zaure tana nan tana jiran Baba. Ina share masa fanka da gashin zabuwa, ina rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, ina lallashinsa kamar maras lafiya.

Daminar nan kuma ruwa ya ɗauke bayan gero ya kai gwiwa. Dangi daga Korgom suna zuwa da labarin gonakin da suka ƙone. Wata la'asar Baba ya ce, "Sako mani ruwa." A wasan ana iya sa ruwan sama, sai dai ba abin da ke wahalar da kart kamarsa. Na sa, hoto ya hau rawa. Don ruwan ya samu wuri sai na fara rage kaya a ɓoye. Na cire inuwa. Na cire itatuwa da gidajen bakin hanya. Da abin ya ƙi, na cire har madubai. Baba bai lura ba, shi dai ga kwalta ga ƙarar ruwa a kan rufin mota. Tsofaffin tasha kan tsaya a bakin ƙofa su saurara, wani ya ce Allah ya kawo mana irinsa, mu amsa da amin. A haka kart ɗin ya fitar da mu shekarar, yana tari yana tafiya.

Bayan kaka muka ji likitocin ido sun sauka Maradi. Na kai Baba aka cire masa yanar. Murna kam na yi, har da hawaye a gaban mutane, amma a hanyar dawowa sai na tuna abin da zai tarar a shago. Ƙanena kuma ya riga ya samo wani kart a wajen abokinsa, ya ce zai aiko a mota.

Baba ya zauna, ya kama volan, ya ƙura wa allo ido ya daɗe.

"Kai," ya ce, "wagga wace ƙasa ce? Ba icce, ba gida. Ina madubina?"

Na faɗa masa yadda aka yi.

"Wato ba madubi ka bar ni ina tuƙa kamiyo? Allah ya so ka jandarma ba su gan mu ba." Ya yi dariya har da tari.

Na ce ya kwantar da hankalinsa, sabon kart na tafe, zai ga komai tas, wannan kuwa mu cire shi ya huta.

Ya daina dariya. "Ya mutu?"

"Bai mutu ba, Baba."

"To ka ce ma ƙanenka ya riƙe nashi. Motar da ta ɗauke ni ina makaho, ba ni sauka cikinta don na samu ido. Maido mani madubi guda, na gehen direba, mu tahi."