Launin Talata

A tashar jirgin Silom a Bankok, ranar tattakin masu tutar bakan gizo, wata dattijuwa Bahaushiya na zaune, tabarau a ƙarshen hanci, tana ɗinka wa tutarta ƙyalle ruwan hoda. Da ganin yatsunta, a kan keken ɗinki ta tsufa.

"Inna, ai launi shida ne," na ce.

Ta harare ni. "Na iya ƙirga, ɗan nan. A ƙasar nan kowace rana da launinta: ja na haihuwar Lahadi, rawaya na Litinin, kowa da nasa a ciki ban da Talata mai ruwan hoda. 'Yata haihuwar Talata ce. Yau za ta fito da matar da take so, sai ta riƙe tutar da babu ita?"

Ta datse zaren da haƙori, tana leƙen hanya.